Girar Hagu ta Umma

Masu karatu, yau zan faɗa muku abin da na yi wa uwar da ta haife ni. Mai niyyar zagina ya riƙe zaginsa har ya kai ƙarshe, don na riga shi, kuma na fi shi sanin inda ke mini ciwo.

A gidanmu Baba ne mai magana. Haka dangi suka sani, haka maƙwabta suka sani, shi ma ina jin haka ya sani. Amma duk wanda ya tashi a falonmu ya san kafin Baba ya yanke hukunci sai ya sauke tabarau zuwa karan hanci, ya ɗan waiga hagu, inda Umma ke zaune a kujerar bakin taga. Umma ba ta cewa uffan a gaban baƙo. Shekara ashirin da takwas ta yi tana koyar da 'yan firamare, ta ce maganarta ta ƙare a aji. Girarta ta hagu ce ke aiki. In ta ɗaga, ko da kaurin zare ne, Baba zai gyara murya ya ce, "To, za mu yi shawara." A gidanmu kuwa duk abin da aka ce za a yi shawara a kansa an binne shi ke nan, sai dai a bi shi da addu'a.

Girar nan ta hana a sayi tsohuwar motar maƙwabci. Ta hana Yayana barin karatu ya kama kasuwanci. Ta kuma kashe mini manema uku. Na farko ya harɗe ƙafa a falo ya kira Baba "dattijo". Na biyu wayarsa ce ta yi ta kuka yana kife ta a cinya. Na ukun ban ga laifinsa ba, shi na yi wa kukan sati biyu, kuma ba a taɓa yi mini bayani ba. Gira ba ta bayani.

Shekarata ashirin da tara, ni ce auta. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta mayar da ni aikin yi. Kowace safiya sai saƙon muryarta ya shigo: "Auta, ke da kike goge wa tsofaffi tsufa, naki wa zai goge miki? Gara ki yi sauri tun madubi yana miki kara."

Da aikina take. Ni nas ce a wani ƙaramin asibitin fata, hawa na biyu, saman kantin magani. Ba ma yanka kowa. Allura ce siririya kamar gashi, da na'urar haske, da mayuka. Mata su zo da tattarar goshi, da layukan gefen ido, da ƙananan jijiyoyin nan jajaye da shuɗaye da ke bazuwa a ƙafa kamar saƙar gizo-gizo. Maza ma suna zuwa, sai dai su kullum "matata ce ta matsa". Na ga mai kuka don murna a gaban madubi, na ga wadda ta dube shi ta ce, "Yanzu wa zan nuna wa?" Tsufa ba ya gudu don an yi masa allura. Zama yake a bakin ƙofa ya jira a gama.

A ƙasan benenmu, tsallaken titi, akwai shagon gilashin ido. Mai shi dogo ne, siriri, maganarsa kamar ana auna masa ita da cokali. Tabarau na kare ido da nake sawa in za mu kunna na'ura ne ya saki ƙafa, na kai masa. Ya ɗaure ƙusar, ya ce ba komai. Bayan kwana uku ta sake kwancewa. Sai a karo na huɗu ya amsa cewa shi ne ba ya ɗaure ta sosai. Tun daga ranar nake kiransa Mai Tabarau, shi kuma ya ce mini Malama Nas.

Wata bakwai muna haka, ran nan da azahar saƙonsa ya shigo.

"Malama Nas, ina so in zo in gaida Baba."

"Gaisuwa kawai?"

"Gaisuwa mai dalili."

"Ka san mutum uku sun riga ka, duk ba su dawo ba?"

"Ni aikina gyaran abin da mutane suka zauna a kai ne. Ki ba ni rana."

Na ba shi Asabar ta sati uku masu zuwa. Me ya sa sati uku? A nan laifina ya fara.

Umma ta daɗe tana kukan ƙafa. Tsayuwar allo ta bar mata jijiyoyin nan a bayan gwiwa har zuwa ƙwauri, da yamma su yi mata zafi. Na sha ce mata ta zo mu duba, tana cewa wa zai leƙa ƙafar tsohuwa. Ranar na zauna a ƙasa kusa da ita ina matsa mata, na ce, "Umma, Likitarmu ta ce duk ma'aikaci ya kawo mahaifiyarsa kyauta wannan watan." Wannan gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba, ba ƙafar nake hari ba.

Ta zo ranar Litinin cikin doguwar riga ruwan toka da mayafi fari, jaka a hammata kamar mai zuwa duba jarrabawa. Likita, mace ce mai fara'a da saurin hannu, ta bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya da allura, suna ɓacewa a gaban idonmu kamar ana goge alli. Na sa mata safa mai matse ƙafa. Sai na jawo madubin nan mai fitila, wanda ba ya rufa wa kowa asiri, na ajiye shi daidai fuskarta kamar ban lura ba.

Umma ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa goshinta, ta bi layukan.

"Yaushe duk waɗannan suka taru?"

"Ana kwantar da su, Mama," in ji Likita. "Allura ce, minti goma. Naman wurin ne zai huta, ya daina tattarewa. Amma ki sani, girarki ba za ta riƙa motsi kamar da ba. Kaɗan za mu yi ko sosai?"

"Sosai," na ce, tun kafin a rufe baki.

Umma ta dube ni. Girar hagu ta tashi a hankali, ta tsaya. Na sunkuya ina gyara auduga da ba ta buƙatar gyara.

"Ku ne masana," ta ce, ta kwanta.

Ni na riƙe tiren. Na ga allura ta shiga goshi, ta shiga tsakanin gira, na kirga digo-digo har aka gama. Lissafina mai sauƙi ne: maganin yana kama jiki sosai cikin sati biyu. Ranar Asabar Baba zai waiga, ya ga gira a kwance, ya ce ya ba da ni. Har ina yaba wa kaina wayo. Wayon a ci, in ji masu magana, an kori kare daga gindin ɗinya.

Kwana goma goshin Umma ya zama kamar an goge shi da dutsen guga. Gwaggo ta zo ta yi ta salati. "Yaya, kin koma yarinya! Auta, ni ma ki sa ni a layi." Baba kuwa ido ya zuba wa Umma. Shekara talatin ya yi yana duba kurakuran rubutu a maɗaba'a, mutum ne da ke ganin ɗigon da ya ɓace a shafi guda. Na lura yana yawan kallonta a kan tebur, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na ɗauka sha'awa ce.

Asabar da hantsi na share falo sau biyu. Na canza labule, na ɓoye kujerar da ke da ƙonuwar guga a bayan ƙofa. Na sa riga shuɗiya mai ƙananan furanni, na cire, na sa kore, na koma shuɗiyar. Saƙo ya shigo: "Ina bakin ƙofa. Takalmina sabo ne, yana cizona. Ki yi mini addu'a."

Ya shigo da farin yadi mai guga har yana ɗaukar ido, da kwandon lemo da ayaba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya juya ya gaida Umma, ya ƙi hawa kujera sai da aka ce masa sau uku. Na kawo shayi, na koma bayan labulen corridor ɗinmu, wato lungun da ke tsakanin falo da kicin, inda na tsaya wa ukun farko.

Ya faɗi abin da ya kawo shi cikin jimla huɗu. Ya faɗi sana'arsa, da iyayensa, da inda yake zaune.

Baba ya sauke tabarau zuwa karan hanci. Ya waiga hagu.

Gira a kwance, lafiya lau, kamar jariri ya ƙoshi. Zuciyata ta ce, shi ke nan.

Baba ya ci gaba da kallo. Ya juyo, ya gyara murya.

"To... shi gilashin nan, daga ina ake kawo shi?"

Mai Tabarau ya yi bayani. Baba ya sake waigawa. Ya juyo.

"Kuma da yashi ake yin sa, ko?"

"Da can ne, Baba. Yanzu yawanci roba ce."

"Roba. Ikon Allah." Waige. "Ita robar, daga ina?"

Jama'a, awa ɗaya da rabi. Shayi ya huce, na sake wani, shi ma ya huce. An tambayi bawan Allah nan ko kifi yana ganin launi. An tambaye shi me ya sa jarirai ba sa sa tabarau. Kowace tambaya da waigenta, kowane waige ya fi na baya tsawo. Gumi ya keto wa Baba a wuya. Umma na zaune, hannu a cinya, fuska kamar farantin tangaran. Sai dai na ga yatsunta suna murza bakin mayafi, abin da ban taɓa gani ba.

Wayata ta yi motsi. Mai Tabarau ne ya rubuto daga cikin aljihu, ban san yadda ya yi ba: "Na faɗi ne?" Na kife wayar. Ni kaina ban sani ba.

Can sai ya matso gaba kaɗan.

"Baba, ka yi haƙuri da karambani. Tun ɗazu na ga in ka dubi wajen taga sai ka matse ido. Ko zan ga gilashin?"

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga shi wajen haske, ya ciro ɗan ƙaramin sukudireba daga aljihun gaba, ya ɗaure ƙusa, ya goge da ƙyalle. Ya ɗauko kwalin shayi ya riƙe daga nesa. "Karanta mini wannan, Baba." Baba ya karanta har da ƙananan rubutun ƙasa, ya kuma nuna masa inda suka manta waƙafi.

"Gilashinka lafiya yake, Baba. Ba ka buƙatar sabo. Idonka ya fi nawa."

Baba ya mayar da shi, ya dubi Umma da kyau, kamar mai neman layin da ya tsallake.

"Na sani," ya ce a hankali. "Matsalar ba a nan take ba." Ya miƙe. "Ɗana, ba ni minti biyu. Hajiya, zo. Ke ma da ke bayan labule, zo."

A kicin ya tura ƙofa. Ban taɓa ganin Baba a kicin ba in ba ruwa ya zo sha ba. Ya tsaya tsakanin firji da murhu kamar baƙo.

"Hajiya, don girman Allah, me kike cewa? Kusan awa biyu ina tambayar yaron mutane labarin kifi!"

"Tun da ya ce gilashinka lafiya nake ba ka amsa," in ji Umma. "Ina yi, ba ta fita."

Na ce, "Baba, ai ba ta ɗaga ba. In ba ta ɗaga ba, ba shi ke nan ba?"

Suka juyo gaba ɗaya suka dube ni.

"Wa ya ce miki?" in ji Baba. "Ɗagawa a'a ce. I kuma haɗewa ce. In ta haɗe girar sama da ta ƙasa, layi biyun nan suka fito a tsakiya, ta yarda ke nan, har ta fara tunanin hidimar da za a sha. In babu ko ɗaya, tana nazari, sai in ja zance har ta gama."

Duk tsawon rayuwata in na ga layi biyun nan sai in bar falo, na ɗauka faɗa ne ke tafe. Ranar da aka ce in tafi makarantar jinya na gan su, na shige ɗaki ina kuka, da aka ce an yarda na ɗauka Baba ne ya fi ƙarfinta. Ashe rabin karatun na iya. Na je in toshe bakin a'a, na haɗa da i na toshe.

Ban san lokacin da na durƙusa a kan tayil ba.

"Umma, ni ce. Da gangan na kai ki. Ba don ƙafar ba. Na ji tsoron girar ne."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Yaran mutane dubu nawa suka yi mini ƙarya a aji? Ke da kika ce 'sosai' kamar ana koro ki." Muryarta ba ta tashi ba, fuskar kuma ba ta nuna komai ba, wannan ya fi duka ciwo. "Na kwanta ne don ina so. Na ga fuskar da na zo gidan nan da ita ta ɓace, aka ce za a ara mini ita, na karɓa. Na kuma ce bari in ga ko mutumin nan zai iya yanke magana ɗaya shi kaɗai kafin mu mutu."

"Ga shi kin gani," in ji Baba.

Ya jawo kujerar roba ya zauna. Ya daɗe yana kallon goshinta, sannan ya ɗaga yatsa, bai taɓa ba, ya nuna.

"Akwai wani a nan, dogo, ya ɗan karkace. Ranar da aka kwantar da ke, Auta, kina wata takwas, aka ce mu jira safiya, ranar ya fito. Na sama da shi na rasuwar mahaifiyarta ne. Ƙananan nan na gefe, yayanki ne, kowace jarrabawa da nata. Shekara talatin da huɗu ina karanta shafin nan, ban taɓa samun kuskure a ciki ba. Na tashi da safe na tarar an goge." Ya juyo gare ni. "Ku a wurin aikinku tsufa kuke gani. Ban hana ku ba, sana'a ce. Amma da kin tambaye ni."

Umma ta juya ta buɗe famfo ta wanke kofin da yake a wanke.

"Malam," ta ce, bayanta gare mu, "za su dawo. Ba inda suka je. Tashi, mun bar yaro shi kaɗai da ayaba."

Ta goge hannu, ta gyara mayafi, ta wuce mu. Muka bi ta. Mai Tabarau ya zabura ya miƙe, ya riga ya sa takalmi ƙafa ɗaya, alamar ya gama yanke wa kansa hukunci.

Umma ba ta koma kujerar taga ba. A tsakiyar falo ta tsaya, yadda take tsayawa a gaban allo.

"Zauna, ɗana. Cire takalmin, na ga yana cizonka." Ya zauna. "Tsoho ya miƙa maka gilashi, kai kuma sayar da gilashi ne abincinka, kana neman 'yarsa, ka ce masa ba ya buƙatar sabo. Wanda bai yi ƙarya a inda za ta amfane shi ba, ban ga dalilin da zai yi ta a gida ba." Ta juya. "Malam, ka ba shi."

Ban taɓa jin muryar Umma a gaban baƙo ba sai ranar. Baba ma ina jin haka, don sai da ya waiga kujerar taga, ya ga babu kowa, sannan ya gyara murya.

"To. Ka turo manyanka."

Mai Tabarau ya sake durƙusawa. Godiyar da ya yi ba ta wuce kalma uku ba, amma ya sunkuya sosai har sukudireban ya faɗo daga aljihu ya gangara ƙarƙashin kujera. Baba da kansa ya sunkuya ya ɗauko masa.

Na raka shi bakin ƙofa. "Me ya faru a kicin?" ya ce. Na ce wata rana zan faɗa masa, in na tabbata ba zai fasa ba. Kafin ya kai titi saƙo ya shigo: "Mamanki ba ta da wuyar sha'ani ko kaɗan. Fuskarta a sake." Na zauna a kan matakala na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne.

Na san abin da na cancanta, ba shi aka ba ni ba. Na yi wa uwata dabara a kan fuskarta, ta sani, ta kwanta, ta kuma tashi ta tsaya mini da bakinta. Wanda ke da irin wannan uwa a raye ya je ya dube ta da kyau yau, ya bar gobe. Akwai masu neman layi ɗaya na fuskar da suka sani su sake karantawa, ba hali.

Da la'asar na same ta a ɗaki ta miƙe ƙafa a kan matashi. Na zauna na fara naɗe mata safar a hankali. Jijiyoyin sun dushe, sai ɗan tabo nan da can. Baba na bakin gado da jarida, ba karantawa yake ba.

"Umma, ki yafe mini."

"Ƙafar dai ta daina zafi, wannan na gode." Ta gyara ƙafar a kan matashi. "Auta, abin nan wata nawa yake yi kafin ya saki?"

"Uku. Wani lokaci huɗu."

"Malam, ka ji. In manyansa sun zo, a sa rana cikin wata biyu."

Baba ya sauke jarida. "Gaggawar me, Hajiya?"

"Ni na yarda da yaron," in ji Umma. "Amma ita girar ba a tambaye ta ba, kuma ban san abin da za ta ce ba in ta farka."